Mu Auna Kanmu: Jawabi Kan Girma Cikin Ruhu A Bikin Cika Shekara Hamsin Na Ikilisiya

  Mun san halin da hanyoyinmu suke ciki, mun kuma san waɗansunku da addu'a a baki suka fito gida har suka iso. Allah da ya kawo ku lafiya ya mai da ku lafiya.

Kwamitin biki ya roƙe mu mu yi magana a kan girma cikin ruhu, da hanyoyin da mai bi zai bi domin ya san kansa. Wataƙila wani zai ce yau ranar murna ce, an yi anko, an yanka sa, mawaƙa sun yi wata biyu suna koyon waƙa, don me za a kawo mana maganar binciken zuciya? Amsar tana cikin Littafin Firistoci sura 25, inda wannan al'ada ta shekara hamsin ta samo asali. Allah ya umarci Isra'ila su ƙidaya shekara bakwai sau bakwai, watau 49, su keɓe ta hamsin. Amma ku lura da ranar da ake busa ƙahon shelar wannan shekara. Ba ranar idin girbi ba ce. A rana ta goma ga wata na bakwai ake busa shi, watau Ranar Kafara, ranar da kowa yake ƙasƙantar da kansa, ya bar aiki, ya tuna da zunubinsa. Bayan wannan ne ake sakin bayi, a mayar wa kowa gonarsa ta gādo, a bar ƙasa ta huta. Ashe bikin shekara hamsin na fari da auna kai ya soma, murna ta biyo baya.

An riga an karanta mana tarihin ikilisiya, ba za mu maimaita ba. Abin da muke so mu duba shi ne kayan aikin da iyayenmu suke da su. Kaɗan ne ƙwarai. Akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda ya fito a 1932, aikin Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, kafin sabuwar fassara ta 1979 ta zo. Akwai Littafin Waƙoƙi. Akwai fitilar ƙwai, ga wanda ba shi da hali kuwa aci-balbal. Mai rediyo yakan kama tashar ELWA daga Laberiya, ko Muryar Bishara daga Habasha kafin a rufe ta a 1977, maƙwabta su taru su ji. Sa'ad da aikin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya taso daga Kagoro a farkon shekarun 1960, ya bazu cikin ƙasar Arewa, ya koya wa masu bi taruwa gida gida, mutum kaɗan kaɗan, domin addu'a. Iyakar kayansu ke nan. Yau kuwa yaro ɗan Makarantar Lahadi yana iya riƙe waya mai fassarar Littafi iri uku, da wa'azin fastoci ɗari, da waƙoƙi ba iyaka. Kayan aiki sun ƙaru. Ko girman ya ƙaru daidai da su, wannan tambaya ce da kowa zai amsa wa kansa.

Ana kiran irin wannan biki na zinariya. A wani gari wannan suna ado ne kawai, amma mu mutanen wannan ƙasa mun san zinariya da ido, mun kuma san kuɗin da aka biya a kanta. Mun san yadda ake haƙo dutse daga rami, a fasa shi da guduma, a niƙa shi a inji har ya zama gari, a wanke da ruwa, a haɗa da zaiba, a ƙone, kafin a sami ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. Kun kuma tuna da shekarar 2010. A ƙauyukan Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Bagega na ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru na ƙasar Bukkuyum, yara ƙanana suka riƙa suma, suna jijjiga, suna mutuwa. Aka yi ta zato iri iri. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta sa aka auna jinin yaran aka gane gubar dalma ce. Dutsen da ke ɗauke da zinariyar yana ɗauke da dalma, ana kuwa niƙa shi ana shanya shi a tsakar gida, inda yara suke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu.

Kada wani ya fahimce mu ba daidai ba. Ba mu ce zunubin wani ne ya kashe yaran nan ba. Neman abinci ne ya kai iyayensu ga wannan aiki, ba su kuwa san abin da ke cikin ƙurar ba. Muna ambaton wannan ne da girmamawa, domin akwai abin koyo a ciki wanda ba littafin da zai koya mana kamarsa.

Gubar nan ba baƙo ne ya kawo ta da dare ba. Tare da abin neman abinci ta shigo, a hannun mai gida, ba wari, ba alama. Tsakar gidan a share take, ido bai ga kome ba. Haka abin da ke kashe ran mai bi yake shigowa. Ba safai yake zuwa da fuskar gunki ko ta boka ba, gama waɗannan mun san su. Yakan zo ne tare da kasuwanci, da aikin ofis, da aikin ikilisiya ma: ɗan ragin mudu, ɗan ƙarin lissafi, son a ambaci sunanmu daga bagade, jin zafi in an yabi wani. Mutum yana zuwa sujada, yana ba da zakkarsa, yana cikin kwamiti, a ido gidansa a share yake. Annabi Irmiya ya faɗa mana a sura 17 cewa zuciya mayaudariya ce, mai ita ma ba ya gane ta. Saboda haka ba a sanin kai ta wurin jin daɗin da mutum yake ji game da kansa. Sai an auna, da ma'aunin da ba namu ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Akwai maganin da yake fitar da dalma daga jini, amma likitoci suka ce ba amfani a ba yaro maganin a mai da shi gidan da ƙasarsa take da guba, gama zai sake kwasa. Tilas aka fara kankare ƙasar sama ta kowane gida, aka kai nesa aka binne, aka zuba sabuwa. Mutanen Bagega sun jira har 2013 kafin a yi musu wannan aiki, sa'an nan yaransu suka sami magani. 'Yan'uwa, taron farkaswa magani ne, taron gunduma magani ne, wannan biki ma magani ne. Amma mutum nawa ne suka fito gaba da hawaye a taron farkaswa, bayan wata ɗaya suka koma yadda suke? Ba maganin ne ba shi da ƙarfi ba. Ƙasar tsakar gida ce ba a canja ba, watau abin da mutum yake yi kowace safiya da kowane dare, da waɗanda yake zama da su, da abin da yake ji yana kallo.

To, bari mu sauko ga abin yi.

Mu fara da asuba. Markus 1:35 ya nuna mana Ubangiji da kansa yana tashi tun da sauran duhu, ya tafi inda ba kowa domin addu'a, bayan yinin da ya yi yana warkar da mutane har dare. A garuruwanmu ba mai hujjar cewa ba shi da agogo. Kiran sallar asuba yana tashin kowa, muna kuwa jin tafiyar maƙwabtanmu Musulmi zuwa masallaci cikin sanyin hunturu. Abin kunya ne a ce su sun tashi domin ibadarsu, mai bi kuwa ya ƙara jan bargo. Minti ashirin ya isa farawa. Amma a ajiye waya nesa, ko kuwa in a cikinta ake karatu, kada a buɗe saƙon kowa tukuna. Kuna tuna watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara na makonni da yawa? Wahala ce babba, ba mu roƙon ta dawo. Amma ta nuna wa da yawa cewa ba su san abin da za su yi da shiru ba. Annabi Iliya a dutsen Horeb bai sami Ubangiji cikin iska mai ƙarfi ko girgizar ƙasa ko wuta ba, sai bayan da duk suka wuce.

Game da karatu, Littafi Mai Tsarki yana da sura 1,189. Wanda ya karanta uku kowace rana, biyar ran Lahadi, zai gama cikin shekara guda. Wannan yana da kyau, kowane mai bi ya kamata ya yi shi ko sau ɗaya. Amma a ganinmu, domin sanin kai, karatu kaɗan a hankali ya fi. A ɗauki aya goma, a karanta sau biyu ko uku, da murya in da hali, sa'an nan a tambaya: me wannan ya nuna game da Allah, me kuma ya tona game da ni? Yakubu ya kwatanta Maganar da madubi. Abin da ya dame shi kuwa shi ne mai duba fuskarsa ya tafi ya manta. Akwai kuma wani ciwo da ya fi mantuwa yawa a cikinmu, watau juya madubin ya fuskanci wani. Ana wa'azi, mace tana cewa a ranta da ma mijina yana nan, miji kuma yana cewa yau an taɓo ta. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Iyayenmu da ba su yi boko ba, kada su ce wannan magana ta wuce su. Jikoki su karanta musu, ko a sa musu Littafin na murya a waya. Da yawa cikin tsofaffin Zumuntar Mata sun haddace ayoyi fiye da masu digiri, ayar da aka haddace kuwa ita ce ke tare da mutum a inda ba Littafi ba fitila.

Yanzu ga abin da muke so mu daɗe a kansa, watau binciken dare. Ba sabon abu ba ne. Zabura 4 da Zabura 139 suna koyar da shi, Makoki 3:40 da 2 Korantiyawa 13:5 suna umartarsa. A cikin 'yan'uwanmu Katolika, Ignatius na Loyola, mutumin Sifen da ya rayu a ƙarni na 16, ya koya wa almajiransa su bi yininsu da tunani a gaban Allah kowace rana. John Wesley da abokansa a jami'ar Oksfod ta Ingila, tun daga 1729, suna da tambayoyin da suke auna kansu da su. Ga yadda talaka mai gajiya zai yi shi cikin minti goma kafin barci. Ya fara da godiya, ya ambaci abu biyu ko uku na wannan yini, ba na bara ba. Sa'an nan ya roƙi Ruhu Mai Tsarki ya haskaka masa, ya bi yinin daga safe kamar mai bin sawun akuyarsa: wa na gamu da shi, me na faɗa, ina raina ya ɓaci, don me ya ɓaci? Ɗan kasuwa ya tambayi mudunsa, ma'aikaci ya tambayi sa'o'insa, malami ya tambayi ajinsa, uwa da uba su tambayi harshensu a kan yara. In an sami laifi a kira shi da sunansa. Addu'ar "ka gafarta mana zunubanmu na sani da na rashin sani" tana da wurinta a cikin taro, amma a ɗaki mafaka ce. A ce ƙarya, a ce hassada, a ce sha'awa. Sa'an nan a karɓi gafara bisa ga alkawarin 1 Yahaya 1:9, a kwanta. Wannan na ƙarshe wajibi ne. Binciken da bai kai mutum ga gicciye ba azabtar da kai ne kawai, Shaiɗan ma yana iya yi wa mutum irinsa kyauta.

Mai iya rubutu ya sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, ya sa layi uku ko huɗu kowane dare. Bayan wata uku ya koma ya karanta daga farko. Zai yi mamaki. Zai ga suna guda yana ta dawowa, ko kuwa fushinsa kullum ranar kasuwa yake tashi, ko kuwa duk faɗuwarsa bayan an raina shi ne. Zai kuma ga addu'o'in da aka amsa ya manta. Wannan shi ne sanin kai na gaskiya. Ya bambanta da na masu yawo suna duba wa mutane da sunan annabci, waɗanda kullum amsarsu ita ce wani ne ya yi maka, kishiya ce, ƙanin uba ne. Ba mu taɓa jin irinsu sun ce wa mutum girmankai ne ke damunka ba, gama ba mai biyan kuɗi domin ya ji haka.

Duk da haka akwai abin da mutum ba ya gani shi kaɗai. Dawuda, mai rubuta zabura, ya zauna da laifinsa wata da watanni har Natan ya zo. Mutanen Wesley daga 1742 sun rarraba kansu ƙungiya ƙungiya, wajen mutum goma sha biyu, suna haɗuwa kowane mako su tambayi juna lafiyar rai. Muna ba da shawara kowane mai bi ya sami mutum ɗaya, namiji da namiji, mace da mace, wanda ya ba shi izini ya tambaye shi kome. Mun san abin da ke hana wannan: gulma. In abin da aka faɗa wa dattijo ran Talata ya zama batun addu'a a bakin kowa ran Alhamis, ba wanda zai sake buɗe baki. Dattawa da shugabannin Zumunta, wannan nauyi a wuyanku yake.

Azumi ba za mu daɗe a kansa ba. Masu bi na farko sukan yi shi Laraba da Jumma'a. A karanta Ishaya 58 kafin a fara, abincin da ba a ci ba kuwa a kai wa 'yan gudun hijira da ke cikin garuruwanmu. Mai ciki, da mai goyo, da mai ciwon suga ko gyambon ciki, kada su tilasta wa kansu.

Akwai ɗaki guda a zuciya wanda yawancinmu muka kulle, tilas kuwa mu taɓa ƙofarsa yau. A farkon Janairu 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suka kashe mutane masu yawan gaske cikin kwana kaɗan, ba kuwa shi ne na fari ko na ƙarshe ba. An sace mutane, an sayar da shanu da gonaki domin kuɗin fansa, an bar gonaki ba noma. Gummi ta ƙara da ambaliya da kifewar jirgin ruwa da manoma a daminar 2024. Yawancin waɗanda aka binne maƙwabtanmu Musulmi ne, mun zauna makoki tare da su, sun zauna tare da mu. Me waɗannan shekaru suka bari a cikinmu? Ga waɗansu tsoro, ga waɗansu fushi da Allah wanda ba sa iya faɗa, ga waɗansu ƙiyayya ga kabila sukutum, har da yaron da ke tallar nono bai san kome ba. Wannan ma ƙura ce, yaranmu kuwa suna kwasarta daga hirar da muke yi a tsakar gida.

Ba mu zo mu ce ku yi kamar ba a yi kome ba. Littafi bai ce haka ba. Zabura 88 da duhu ta ƙare, Habakuk ya yi wa Allah tambayoyi masu zafi, an kuwa bar su cikin Littafi domin mu yi addu'a da su. Neman shari'a da tsaro daga hukuma hakkinmu ne. Amma Romawa 12 ta ce ramako na Ubangiji ne, wanda ya riƙe shi a ransa kuwa yana riƙe kayan da ba nasa ba. Yafewa irin wannan ba ta zuwa dare ɗaya. Wani zai fara ne da gaya wa Allah gaskiya cewa bai iya ba tukuna, ya roƙi a ba shi ko son iyawa. Wannan ma addu'a ce karɓaɓɓiya. Ɗan'uwan da ya dawo daga daji ba ya barci, yana firgita da ƙarar babur, zaman shiru yana tayar masa da hankali, kada a ce masa rashin bangaskiya ne. Rauni ne. Ya yi nasa zaman tare da wani, ya yi waƙa maimakon shiru, ya ga Fasto, ya kuma ga likita.

A shekara ta hamsin ta Isra'ila ana mayar da abu, ba tunani kaɗai ake yi ba. Zakka mai karɓar haraji, da Yesu ya shiga gidansa, dukiyarsa ce ta fara shaida. Cikin shekara hamsin ba a rasa bashin da aka yi shiru a kansa, da iyakar gona da aka matsa, da gādon gwauruwa da aka taɓa, da gidaje biyu da ba sa gaisawa tun wani zaɓen dattawa, har jikoki sun gāji gabar ba su san mafarinta ba. Akwai kuma waɗanda aka sa ƙarƙashin horo shekarun baya, ba wanda ya sake bin sawunsu. Muna roƙon majalisar dattawa ta buɗe littafin 'yan ikilisiya cikin wannan wata, ta karanta sunayen ɗaya ɗaya, ta aiki mutane biyu biyu.

Gobe da yardar Allah za mu ci Jibin Ubangiji, 1 Korantiyawa 11:28 kuwa ta ce kowa ya auna kansa kafin ya ci. A bayan wannan ɗan littafi kwamiti ya bar shafi guda fari. Kowa ya rubuta abu biyu a ciki, ba domin idon kowa ba: lokacin da zai riƙa tashi domin zama da Ubangiji, da sunan mutumin da zai je wurinsa kafin gobe. Wanda ba ya rubutu ya riƙe su a ka. Muna roƙon mawaƙa su dakata, kada a taɓa ganga sai minti biyar sun cika. Bari mu sunkuyar da kawunanmu.